Rini mai ƙyalli a ɗakin gwaji: sawun wa ake bi da shi?

Shin da gaske ne masu binciken magani suna da wani ruwa mai ƙyalli da suke ɗura wa mutane a jiki domin su riƙa bin sawunsu? Tambayar ta daɗe tana yawo a wayoyin jama'a daga Ngaundare zuwa Garwa da Marwa, har ta haye gadar Kuseri ta shiga Injamena. Ta yi ƙarfi a zamanin allurar korona, daga baya ta lafa, amma da wuya a zo da sabuwar allura ba ta ɗago kai ba. Hotunan da ake haɗawa da saƙon sau da yawa na gaske ne: ɓera yana haske kore shar a cikin duhu, ko kwalba mai ruwan ɗorawa tana walƙiya a hannun mai farar riga.

Rinin dai akwai shi, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. Ya haura shekara 150 a hannun masana. Wanda aka taɓa auna kakinsa saboda tarin fuka, ko aka yi masa gwajin korona, ko aka ƙirga masa sojojin jini saboda sida, akwai yiwuwar irin wannan rini ne ya fitar da amsar da aka rubuta masa a takarda. Bin sawun ma gaskiya ne, domin aikin rinin ke nan. Abin da ya kamata a warware shi ne sawun me ake bi, a ina, kuma da wace fitila.

Hasken aro ne, ba shi da wutar kansa

Rini mai ƙyalli sinadari ne da idan aka haska masa wani launin haske, sai ya haɗiye shi, ya mayar da wani launi daban. Wanda aka fi sani, fuloresin, yana shan shuɗin haske, ya fitar da kore. Hasken da ke fitowa bai kai wanda ya shiga ƙarfi ba, saboda wani ɓangaren ya tafi a zafi. Wannan bambancin launi shi ne duk jarin sana'ar. Ana sa gilashin tacewa da zai tare hasken fitilar, ya bar na rinin kaɗai ya wuce zuwa ido. Sai komai ya yi baƙi ƙirin, abin da ake nema kaɗai ya rage yana haske.

Ɗan kasuwar da ke da fitilar duba jabun kuɗi ya riga ya san abin. Idan ya sa takardar jaka goma ta sefa a ƙarƙashinta, sai wasu zarurruka da zane da ido bai gani ba su bayyana, da ya kashe kuma su ɓace. Ba mu taɓa jin wanda ya ce BEAC, babban bankin da ke fitar da kuɗin sefa, yana leƙen aljihunsa daga Yawunde saboda waɗannan zarurruka ba. Haka rinin ɗakin gwaji yake: da an ɗauke fitila, ƙyallin ya mutu cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Ba ya aika saƙo, ba shi da batir, ba ya magana da tauraron ɗan'adam.

Akwai abubuwan da ake cakuɗa shi da su. Hannun agogon da ke haske da dare yana tara haske ne ya riƙa sakinsa a hankali. Maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da damina, shi yake ƙera haskensa ta hanyar haɗuwar sinadarai a cikinsa. Sai kuma sinadaran nukiliya da ke fitar da tururi mai ratsa jiki, waɗanda su ma ana bin sawu da su a manyan asibitoci, kuma su ne ke buƙatar taka-tsantsan mai tsanani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɗakunan bincike sun rungumi rini mai ƙyalli ne a wani ɓangare domin su rabu da waɗannan na nukiliya. A 1986 aka fito da hanyar karanta jerin sinadarin gado na DNA da rini mai launi huɗu, a maimakon alamar nukiliyar da ake amfani da ita a da.

Daga kinin zuwa kogin da ya ɓace

Tarihin ya faro ne daga wani abu da kakanninmu suka sani da ɗaci. A 1845 wani masani ɗan Ingila, John Herschel, ya lura ruwan kinin, maganin zazzaɓi, yana yin wani shuɗi-shuɗi idan rana ta doke shi, alhali ruwan fari ne tas. A 1852 George Stokes ya yi bayanin dalili. A 1871 Adolf von Baeyer na Jamus ya haɗa fuloresin.

Sawun farko da aka bi da shi na ruwa ne. A kudancin Jamus akwai wurin da kogin Danub ke nutsewa cikin ƙasa ya ɓace. Ana zaton yana ɓullowa a wani marmaro mai nisan kilomita 12, amma babu shaida. A 1877 Adolf Knop ya zuba kilo 10 na fuloresin, tare da gishiri da wani mai, a inda ruwan ke nutsewa. Bayan kamar awa 60 marmaron ya yi kore. Har yau da irin wannan dabara ake gano ko ruwan masai yana kutsawa cikin rijiya, abin da ya kamata ya dami duk garin da kwalara ke ziyarta da damina.

Likitanci ya shigo da ƙarfi a 1941, lokacin da Albert Coons na Jami'ar Harvard a Amurka ya ɗaura rini a jikin antibodi, wato sinadarin garkuwa da jiki ke ƙerawa, wanda ba ya kama komai sai ƙwayar cutar da aka ƙera shi dominta. Antibodin ya nemo cutar, rinin ya nuna inda ya tsaya. Yawancin gwaje-gwajen da za a ambata a ƙasa jikokin wannan dabara ne.

Ɓeran nan kore kuwa labarinsa daban. A 1962 Osamu Shimomura, ɗan Japan, ya ware wani furotin mai koren ƙyalli daga wata halittar teku mai kama da lema. A 1992 Douglas Prasher ya fitar da ƙwayar gadon da ke ƙera shi, a 1994 Martin Chalfie ya dasa ta a cikin wata 'yar tsutsa, jijiyoyinta suka yi haske alhali tana raye tana motsi. Roger Tsien ya ƙaro launuka. A 2008 aka ba Shimomura da Chalfie da Tsien kyautar Nobel, Prasher kuwa a lokacin yana tuƙa motar ɗaukar kwastomomi a wani kamfanin sayar da motoci, saboda kuɗin bincike sun yanke masa. Ɓeran da ke hoton ba allura aka yi masa ba. Tun yana ɗan tayi aka sa ƙwayar gadon a cikinsa, domin a ga yadda ƙwayoyin halitta, kamar na ciwon daji, ke yaɗuwa a jiki. Shi ma sai an haska masa shuɗiyar fitila yake ƙyalli.

Abin da ke faruwa da kakin mai tari

Inda rinin ya fi taɓa rayuwar talaka a yankinmu shi ne gwajin tarin fuka, kuma yana da kyau a ga yadda ake yinsa daki-daki.

Mai tari ya kawo kakin safe a 'yar roba mai murfi. Ma'aikacin labo, wato ɗakin gwaji, ya ɗebi ɗan kaɗan da tsinke, ya shafa a kan ɗan gilashi, faɗin da bai wuce kan babban yatsa ba. Ya bari ya bushe, ya gifta shi a kan harshen wuta don ya kama. Sannan ya malala masa oramin, wani rini rawaya, ya bar shi kamar minti 15 zuwa 20. Ya ɗauraye, ya zuba alkwal mai asid. A nan ne sirrin yake: asid ɗin yana wanke rinin daga komai, in ban da ƙwayar tarin fuka, wadda bangonta ke da wani kitse mai kauri da ke riƙe rini gam. Daga ƙarshe ya zuba famanganat, garin nan mai ruwan shunayya da ake jiƙa wa masu ƙuraje, domin ya dusashe sauran abubuwan da ke kan gilashin. Idan ya leƙa ta madubin likita mai fitilar LED, zai ga duhu, a cikin duhun kuma 'yan siraran sanduna masu ruwan ɗorawa da kore suna haske. Su ne ƙwayoyin cutar. Mai tarin yana zaune a benci a waje, ko ya ma koma gida. Rinin bai taɓa shi ba.

Tsohuwar hanya, ta Ziehl da Neelsen, wadda ta samo asali tun shekarun 1880, tana rina ƙwayoyin ja a kan shuɗi. Sai an ƙara girman hoto sau 1,000, a duba gurbi 100 kafin a ce ba a ga komai ba. Ma'aikacin da ke da gilasai talatin a gabansa, ga zafi, ga ciwon wuya, idonsa zai gaji, kuma gajiyayyen ido yana tsallake cuta. Da oramin ana dubawa a girma sau 200 zuwa 400, don haka kowane leƙe yana ɗaukar fili mai faɗi, aikin ya yi sauri, kuma bincike ya nuna yana kama masu cutar fiye da tsohuwar hanya da kamar kashi 10 cikin 100. Tun ƙarshen shekarun 1930 aka san wannan, amma fitilar zaiba da ake buƙata tana da tsada, tana ƙonewa bayan 'yan ɗaruruwan awoyi, kuma tana son ɗaki mai duhu da wuta tsayayya. Zuwan fitilar LED, mai aiki dubban awoyi ko da batir ko hasken rana, shi ya sauko da abin zuwa ƙananan asibitoci. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma kanta.

Amma kada a zuzuta. Madubi ba ya ganin cutar sai akwai dubban ƙwayoyi a cikin mililita ɗaya na kaki. Yara ƙanana da masu sida sukan fitar da kaɗan, sai gwaji ya ce babu alhali akwai. Ba ya bambance matacciyar ƙwaya da mai rai, ba ya faɗin ko ta ƙi jin magani. Zaren auduga ko ƙura ma kan yi ƙyalli su ruɗi sabon hannu. Shi ya sa aka kawo na'urar GeneXpert, wadda hukumar ta amince da ita a watan Disamban 2010. Ita ma da rini take aiki, amma mai wayo: yana zaune a dushe, ba ya haske sai ya haɗu da DNA na ƙwayar tarin fuka. Cikin kamar awa biyu za ta faɗi ko akwai cutar, da ko ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunanta. Matsalarta a wurinmu ita ce tana son wutar da ba ta yankewa da ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, alhali a Garwa da Injamena watan Maris da Afrilu sukan haura 40.

Kan kare, jinin mai sida, da tsinken hanci

A unguwar Farsha ta Injamena akwai ɗakin binciken dabbobi da ya daɗe yana karɓar kawunan karnukan da ake zargi da hauka. Ana ɗebo ɗan ƙwaƙwalwar, a shafa a gilashi, a zuba antibodin da aka ɗaura wa fuloresin. Idan kare yana da cutar, sai a ga ɗige-ɗige kore suna haske, kuma amsa takan fito cikin awoyi. Da wannan gwaji aka riƙa ƙirga mahaukatan karnuka kafin da bayan gagarumin rigakafin da aka yi a birnin a 2012 da 2013, inda aka yi wa kusan kashi 70 cikin 100 na karnuka allura. Adadin ya faɗi warwas, ko da yake daga baya cutar ta sake shigowa daga wajen gari. (Wanda kare ya ciza kada ya zauna jiran sakamako: ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti.)

Mai sida da aka ce masa CD4 ɗinsa, wato adadin sojojin jininsa, 180 ne, wannan lamba daga rini ta fito. Ana gauraya jininsa a kwalba da antibodi masu launi, ƙwayoyin jinin su bi ta gaban hasken lesa ɗaya bayan ɗaya, na'ura tana ƙirga masu ƙyalli. Lafiyayyen mutum yakan samu tsakanin 500 da 1,500, ƙasa da 200 kuwa alama ce cutar ta yi nisa. Gwajin PCR na korona, wanda cibiyoyi irin su Centre Pasteur, mai reshe a Garwa, suka yi ta yi bayan cutar ta shigo Kamaru da Cadi a watan Maris na 2020, shi ma hasken rini yake aunawa: ana ninka gadon ƙwayar cutar zagaye bayan zagaye, hasken yana ƙaruwa har ya kai inda na'ura za ta gani. Tsinken da aka zura a hanci busasshe ne. Rinin yana can cikin bututu a labo.

Inda rinin ke shiga jikin mutum da gaske

Akwai su, kuma ɓoye su ba zai taimaki kowa ba.

Mafi sauƙi shi ne na ido. Lokacin hunturu, manomi ko ɗan acaɓa ya zo da ido jawur yana cewa akwai tsakuwa a ciki. Ma'aikacin ido zai ɗauko 'yar siririyar takarda mai bakin ruwan goro, ya ce, "Baba, zan ɗan taɓa maka wannan a gefen ido, hawayenka za su yi rawaya, kada ka damu." Dattijon ya ce, "To ɗana, ba dai zafi ko?" Ya ƙifta sau biyu, a haska shuɗiyar fitila. Lafiyayyen wuri ba ya riƙe rinin, amma inda fatar saman ido ta ƙuje sai ya fito kore, a ga girman raunin da siffarsa. Hawaye ne ke wanke sauran.

Na biyu ya fi nauyi. Ana ɗura fuloresin ta jijiyar hannu, cikin daƙiƙu kaɗan ya isa jijiyoyin bayan ido, a yi ta ɗaukar hoto domin a ga inda jini ke yoyo ko inda ya toshe. Wasu ɗaliban likita biyu a Amurka, Novotny da Alvis, su suka wallafa hanyar a 1961, kuma masu ciwon suga ne suka fi buƙatarta. Fata takan yi rawaya na 'yan awoyi, fitsari ya yi ruwan ɗorawa mai haske kwana ɗaya ko biyu, shi ke nan ƙoda ta fitar da shi. Wasu sukan ji tashin zuciya. Jikin wasu ƙalilan yakan ƙi shi da ƙarfi, har an ƙiyasta mutuwar mutum ɗaya cikin sama da 200,000. Saboda haka ba a yinsa sai a inda akwai kayan ceto.

Akwai kuma wani koren rini da ake kira ICG, da aka amince da shi a Amurka tun 1959, wanda likitocin tiyata ke duba gudun jini da shi da kyamara ta musamman. Hanta ce ke kwashe shi cikin mintuna. Ka lura da abin da ya haɗa su duka: ana gaya wa majiyyaci, na'urar tana dab da jikinsa, kuma jiki yana zubar da rinin da wuri. Likitan da ya makara da kyamararsa ma ba zai samu hoton ba.

Daga ina maganar allura ta fito?

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa biyu na gaskiya aka murɗa.

Na farko sunan lusifares, sinadarin da ke sa maƙesu haske. Wani Bafaranshe, Raphaël Dubois, ya raɗa sunan a shekarun 1880 daga kalmar Latin mai nufin ɗauke da haske, kuma da yake Kiristocin Turai suna kiran Iblis da irin wannan suna, masu yaɗa saƙon cewa an sa shi a allurar korona suka samu abin riƙewa. Gaskiya ne an yi amfani da lusifares wajen binciken allurar korona: a jikin ɓeraye, don a ga inda ƙunshin allurar ke zuwa, da cikin kwalabe, don a auna ko jinin wanda aka yi wa allura yana tare ƙwayar cuta. Amma ba ya cikin abubuwan da aka haɗa allurar da aka yi wa mutane. Ko da yana ciki, ba ya haske sai an ba shi abokin aikinsa, lusiferin, kuma hasken yana da rauni har sai an sa ɓeran a akwati mai duhu da kyamara mai tsada.

Na biyu ya fi cancantar a tsaya a kansa. A watan Disamban 2019 masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka, da tallafin Gidauniyar Gates, sun wallafa wani gwaji na liƙa ƙananan ɗige-ɗige masu ƙyalli a ƙarƙashin fata tare da rigakafi, waɗanda ido ba ya gani sai wayar da aka yi wa gyara, domin su zama shaidar an yi wa yaro allura a inda katin asibiti ke ɓata. A kan ɓeraye da guntayen fata aka gwada, kuma ba a sa shi cikin allurar korona ko wata allurar da ake yi wa yaranmu ba. Ba ya ɗauke da suna, ba ya faɗin inda mutum yake, sai an kara wayar kusa da fata. Duk da haka, a ganina wanda ya ji abin bai kwanta masa ba yana da hujja. Dabara ce da aka yi tunaninta domin 'ya'yan ƙasashe matalauta, kuma yi wa yaro alama a jiki ba abu ba ne da masana za su yanke shi su kaɗai.

Masu shakka da masu bincike

Masu bincike suna cewa rinin ido ne kawai, kuma ba don shi ba da yawancin abin da aka sani game da ƙwayoyin cuta a yau yana cikin duhu. Sun yi gaskiya. Amma wasunsu suna saurin kiran mai tambaya jahili, kamar ba su san tarihin yankin ba. A 1996 an yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, yara 11 suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. A 2005 gwamnatin Kamaru ta dakatar da gwajin maganin kariya daga sida a Duwala bayan ƙorafi kan yadda aka sanar da matan da ke ciki da irin kulawar da za su samu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ko a wajen sauro haka ne. An daɗe ana barbaɗa wa sauro da ƙudan tsando hoda mai ƙyalli, a sake su, a sake kamawa, don a san nisan tafiyarsu da tsawon ransu. A 2019 a ƙauyen Bana na Burkina Faso an saki mazan sauro kimanin 6,400 da aka sauya wa ƙwayar gado, an yi musu irin wannan alama. Gardamar da ta biyo baya, har gwamnatin ƙasar ta tsayar da shirin a 2025, a kan sauya halitta ce da yardar mutanen gari. Hodar ba ta taɓa zama abin rigima ba. Kuskuren saƙonnin waya shi ne suna kai tuhuma kan launi, alhali tambayoyin da ke da nauyi su ne wa ya ba da izini, wa aka yi wa bayani da harshensa, ina ake kai jinin da aka ɗiba, kuma wa zai ci amfanin sakamakon.

Haɗarin da ba a yaɗawa a waya

Idan akwai wanda rinin ke yi wa barazana kullum, ma'aikacin labo ne. Oramin yana cikin sinadaran da ake zargi da haddasa ciwon daji, kuma ana haɗa shi da finol mai ƙona fata. Fitilar UV, dangin ta duba jabun kuɗi, da ake duba DNA da ita tana ƙona ido. A asibitin da safar hannu ke yankewa, ruwan wankin gilasai kuma yana bin kwata zuwa bayan katanga inda awaki ke kiwo, nan ne ya kamata a ɗaga murya.

Akwai wani abin mamaki da makiyayan Adamawa za su fi kowa ganewa. Etidiyom, jan rinin da masana ke duba DNA da shi, wanda a labo ba a taɓa shi sai da safar hannu saboda yana kutsawa cikin sinadarin gado, shi ne dai jar ƙwayar nan da ake narkawa a yi wa shanu allurar sammore tun shekarun 1950. Masani a Turai yana tattara ɗigonsa a kwalbar shara ta musamman, makiyayi a ruga yana murƙushe ƙwayar da yatsunsa, ya wanke sirinji a rafi. Wanda ke wannan aiki ya sa leda a hannu, kuma ya kiyaye kwanakin da aka rubuta kafin a sha nonon saniyar ko a yanka ta.

Sai rodamin, rini mai ruwan hoda da ake bin sawun ruwa da ƙwari da shi. Ƙasashe da dama sun haramta sa shi a abinci, amma an sha kama shi a alewa da garin barkono a kasuwannin duniya, saboda yana da arha kuma launinsa yana jan ido. Wanda ke tsoron rini a jikinsa, ya fi kyau ya tambayi mai alewar yaransa da wane kala take rina ta.

Me wannan ke nufi ga mai zuwa asibiti?

Asarar da jita-jitar ke jawowa a bayyane take. Mai tarin da ya wuce mako biyu, ya ƙi ba da kaki don tsoron a yi masa alama, yana ci gaba da fesa cutar ga matarsa da 'ya'yansa a ɗaki ɗaya, alhali magani na wata shida yana warkar da mafi yawan masu ita. Idan madubi ya ce babu amma tari da rama da zufar dare ba su daina ba, ya nemi a tura kakinsa inda akwai GeneXpert, musamman in yaro ne ko mai sida.

Wanda za a ɗura wa rini ta jijiya yana da haƙƙin a gaya masa sunan rinin da dalilin yinsa, da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi idan Faransanci bai zauna masa ba. Ya faɗa wa likita idan wani magani ya taɓa tayar masa da borin jini ko ya toshe masa numfashi, idan yana da asma ko ciwon ƙoda ko na hanta, mace kuma ta faɗi idan tana da ciki ko tana shayarwa. Wanda aka gayyata shiga bincike kuwa, ya tambayi takardar amincewar kwamitin ɗa'a na ƙasa, ya karɓi kwafin abin da ya sa wa hannu, kuma ya sani yana iya fita duk ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi maganin da yake karɓa ba.